Laburaren SOAS na Jami'ar Landan

Laburaren SOAS ɗakin karatu ne na makarantar nazarin ƙasashen Gabas da Afirka, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Landan a unguwar Bloomsbury. Yana ɗauke da littattafai sama da miliyan ɗaya kan Asiya da Afirka da Gabas ta Tsakiya, ban da rubuce-rubucen hannu da wasiƙu da hotuna da taswirori. Yana cikin wuraren da mai binciken tarihin baƙar fata, ko na mutanen Asiya, ko na mulkin mallakar Birtaniya, da wuya ya kammala aikinsa bai leƙa ba.

Asalinsa

An kafa makarantar a 1916, Sarki George na Biyar ya buɗe ta a 1917 a Finsbury Circus. Ba a ɓoye manufarta ba: horar da jami'an mulki da sojoji da 'yan kasuwa da 'yan mishan a harsunan mutanen da za su je mulka ko yi wa wa'azi. Sai a 1938 aka saka Afirka cikin sunanta. Tushen laburaren gado ne daga wasu cibiyoyin Landan, ciki har da dubban littattafan Sinanci da ɗan mishan Robert Morrison ya kwaso daga Sin, da tarin littattafan William Marsden kan harsunan yankin Malay. Ginin da yake ciki yanzu, wanda Denys Lasdun ya zana, an buɗe shi a 1973.

Takardun 'yan mishan

Mafi nauyin abin da ke sashen adana takardu shi ne kundayen ƙungiyoyin mishan. Akwai na London Missionary Society, wadda aka kafa a 1795 ta yi aiki a tsibiran Pasifik da kudancin Afirka da Madagaska da Indiya da Sin, kuma a nan ake samun wasiƙun David Livingstone. Akwai na mishan ɗin Methodist, da na China Inland Mission. An jera yawancinsu ƙasa-ƙasa, shekara-shekara, wasiƙun da suka shigo Landan daban, amsoshin da suka fita daban.

Wannan tsari na da illar da mai bincike zai ci karo da ita tun ranar farko: sunan Baturen da ya rubuta wasiƙa ake bi, ba sunan mutanen da ya yi magana a kansu ba. Tawayen bayi na Demerara a 1823, a ƙasar da ake kira Guyana yanzu, ya isa misali. Dubban bayi suka tashi a gonakin rake. Cikin waɗanda aka ɗora wa jagoranci akwai Quamina, kafinta kuma dattijo a cocin Bethel, da ɗansa Jack Gladstone. An harbe Quamina a daji, aka rataye gawarsa a bainar jama'a. Fastonsa John Smith, Baturen mishan na London Missionary Society, kuwa aka yanke masa hukuncin kisa, ya mutu a kurkuku a 1824. Littafin da Smith yake rubuta al'amuran yau da kullum yana cikin waɗannan kundaye. Wanda yake son sanin Quamina, yadda ake hana shi zuwa jinyar matarsa saboda aikin gona, da abin da yake kai wa fasto ƙara a kai, dole ya nemi akwatin Smith ya tsinto shi layi-layi. Abin takaici ne, amma ba don alƙalamin Smith ba, da ko wannan ɗan abin ba a samu ba.

Wani lokaci kuma muryar baƙar fata takan fito kai tsaye. Thomas Birch Freeman, wanda mahaifinsa ɗan Afirka ne mahaifiyarsa Baturiya, ya isa Gold Coast, wato Ghana ta yanzu, a 1838, ya je Kumasi a 1839, ya sauka Badagry a 1842. Rahotanninsa na cikin kundayen Methodist, haka ma wasiƙun malamai da fastoci 'yan ƙasa da suka biyo bayansa.

Kasuwanci, siyasa da harsuna

Laburaren na riƙe da takardun kamfanin John Swire & Sons, mai cinikin jiragen ruwa da sukari a gabar Sin da Hong Kong. A ɗaya ɓangaren akwai kundin Movement for Colonial Freedom, ƙungiyar da ɗan majalisa Fenner Brockway ya jagoranta daga 1954 don neman 'yancin ƙasashen da ake mulka. Akwai kuma rubuce-rubucen hannu na Larabci da Farisanci da Malay, da waƙoƙin Suwahili cikin ajami.

Hausa ma na da gurbi a nan. G. P. Bargery, mai ƙamusun 1934, ya koyar a makarantar, bayansa F. W. Parsons ya daɗe yana koyar da nahawu. Graham Furniss ya tattara littattafan soyayya da ake bugawa a Kano, waɗanda a gida ba kowa ya ɗauke su abin adanawa ba.

Abin da ba ya nan

Ba wuri ɗaya aka tara tarihin daular Birtaniya ba. Kundin Church Missionary Society, inda labarin Bishop Samuel Ajayi Crowther da na Dakta Walter Miller na Zariya yake, yana Jami'ar Birmingham. Takardun Lugard suna laburaren Bodleian a Oxford. Tarin Royal Commonwealth Society ya koma Jami'ar Cambridge a 1993. Fayilolin ofishin mulkin mallaka suna ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew, na ofishin Indiya kuma a British Library. Tarihin baƙar fata mazauna Birtaniya kuwa, su da kansu suka fi adana shi, a wurare irin su Black Cultural Archives da ke Brixton.

An fara ɗaukar hoton wasu kundayen SOAS ana sa su a intanet kyauta, amma mafi yawa har yanzu sai an je da ƙafa. Ɗalibin da ke Accra ko Kano ko Georgetown ta Guyana sai ya nemi biza da kuɗin jirgi da na masauki a Landan kafin ya karanta wasiƙar da aka rubuta a garinsu.