Dokar da ta ɗaura kuɗin kwaleji a kan albashin ɗalibanta a jihar Teksas

A watan Yunin 2023 gwamnan jihar Teksas ta Amurka, Greg Abbott, ya sa hannu a kan wata doka da aka fi sani da HB 8, wato ƙudiri na 8 na majalisar wakilan jihar. Dokar ta sauya yadda gwamnatin jiha ke raba wa kwalejojin al'umma kuɗi. A da ƙirga kawuna ake yi, da awannin da ɗalibai suka zauna a aji. Yanzu abin da gwamnati ke tambaya kafin ta buɗe baitulmali shi ne: wa ya kammala, da wace takarda ya fita, kuma takardar nan ta ƙara masa abin sawa a aljihu ko kuwa ado ce kawai?

Kwalejin al'umma makarantar gwamnati ce ta gaba da sakandare, wadda yawanci shekara biyu ake yi a cikinta. Tana da ɗan kama da foliteknik, sai dai ƙofarta a buɗe take ga kusan duk wanda ya gama sakandare, ba jarrabawar tankaɗe da rairaya. Wani ya shiga ya koyi walda ko gyaran na'urar sanyaya ɗaki cikin 'yan watanni, wata ta yi karatun jinya, wani kuma ya yi rabin farko na digirinsa da araha sannan ya wuce jami'a. Da yawa daga ɗaliban magidanta ne masu aiki da rana su zo aji da dare. Teksas na da hukumomin irin waɗannan kwalejoji guda 50, daga manya irin na Houston da Dallas da San Antonio har zuwa ƙanana a garuruwan makiyaya da ke yammacin jihar.

Hanya uku kuɗi ke shigo musu: kuɗin makaranta da ɗalibai ke biya, harajin gidaje da filaye na yankin da kwalejin take, sai kason gwamnatin jiha. Wannan kaso na uku kaɗai dokar ta taɓa, kuma a yawancin kwalejojin bai kai sauran biyun a haɗe ba. Duk da haka shi ne igiyar da majalisa ke riƙe da ita.

Tsohon tsarin yana da wata illa da shugabannin kwalejoji suka daɗe suna kuka da ita. Majalisar Teksas sau ɗaya take zaman kasafi a shekara biyu. Sai ta ware dunƙulallen kuɗi, a raba shi gwargwadon awannin darasi da kowace kwaleji ta tara. Ma'ana, kwalejin ƙauye za ta iya ƙara yawan ɗalibanta amma kasonta ya ragu, don kawai ta birni ta fi ta saurin girma. Tun 2013 an ɗan ware wani ƙaramin kaso na lada ga kwalejin da ɗalibanta ke cin gaba, amma bai taka kara ya karya ba. Da annobar korona ta zo ɗalibai suka ragu, sai kowa ya ga raunin tsarin ƙiri-ƙiri. A 2021 majalisa ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Woody Hunt, wani ɗan kasuwa daga El Paso, ya duba lamarin. Shawarwarin da kwamitin ya miƙa a ƙarshen 2022 su ne suka zama HB 8, wadda Gary VanDeaver ya gabatar a majalisar wakilai, Brandon Creighton kuma ya riƙe ta a ta dattawa. Ta wuce kusan ba hamayya, tare da ƙarin dala miliyan 683 na shekara biyu. Wannan ƙarin kuwa shi ya sa maganar ta yi sauƙin haɗiyewa, don ba kasafai mutum ke gardama da sabon ma'auni ba idan ya zo da ƙarin awo.

To me gwamnati ke biya a yanzu? Da farko, kowace takardar kammalawa da aka tabbatar tana da daraja a kasuwar aiki, ko ƙaramin digiri na shekara biyu ne, ko satifiket, ko lasisin sana'a. Idan fannin yana cikin waɗanda jiha ta ce ana ƙarancin ma'aikata a cikinsu, kamar jinya, kuɗin ya fi yawa. A farkon aiki da dokar an sa dala 3,500 a kan ƙaramin digiri ɗaya, 4,500 idan na fannin da ake nema ne. Sannan ana biyan kwaleji idan ɗalibinta ya haɗa kiredit 15, wato kusan kwas biyar, ya wuce jami'a. Haka ma idan ɗan sakandare ya haɗa kiredit 15 na kwaleji tun bai bar sakandaren ba, abin da ya zama ruwan dare a Amurka.

Masu tsara dokar sun hango abin da duk mai hankali zai hango. Idan an ce kammalawa ake biya, hanya mafi sauƙi ga kwaleji ita ce ta riƙa kauce wa ɗalibin da ake ganin ba zai kai labari ba. Don toshe wannan kafa sai aka ƙara farashi a kan irin waɗannan ɗalibai. Wanda ya fito daga gidan marasa ƙarfi, wato mai karɓar tallafin Pell na gwamnatin tarayya, ana ƙara kashi 25 cikin ɗari a kansa. Wanda ya shigo da raunin karatu, bai ci gwajin cancantar shiga aji ba, shi ma kashi 25. Mai shekara 25 zuwa sama kuwa kashi 50. Ke nan uwar 'ya'ya mai shekara 30 da ke karɓar Pell, idan ta kammala ƙaramin digiri, ta jawo wa kwalejinta sama da dala 6,000, inda matashi ɗan masu hali zai jawo 3,500. A ganina wannan shi ne sashe mafi hikima a dokar duka.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake gane takarda mai daraja. Hukumar da ke kula da manyan makarantun jihar, wadda Harrison Keller ke shugabanta a lokacin, ita aka ɗora wa wannan lissafi. Ga yadda aka tsara shi a farkon aiki da dokar. Ana haɗa abin da ɗalibi ya kashe a karatu bayan an cire tallafin da ya samu, da albashin da ya rasa a lokacin da yake zaune a aji maimakon wurin aiki. Wannan shi ne jarinsa. Sai a duba abin da masu irin takardarsa ke samu shekara bayan shekara, a kwatanta da na wanda ya tsaya a sakandare. Idan rarar da ke tsakani ta mayar da jarin cikin shekara 10, takardar ta ci sunanta. Mu ɗauka, a misali kawai, mutum ya zuba abin da ya kai dala 30,000 tsakanin kuɗin makaranta da albashin da ya bari, kuma bayan ya gama yana ɗara ɗan sakandare da dala 5,000 a shekara. A shekara ta shida ya fanshe. Idan da dala 2,000 kawai yake ɗara shi, shekara 15 zai ɗauka, takardar ta faɗi.

Ba tambayar tsofaffin ɗalibai ake yi ba, don da haka ne da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Kowane wata uku masu ɗaukar ma'aikata na aika wa hukumar ƙwadago ta jiha bayanin albashin da suka biya kowane ma'aikaci, saboda inshorar rashin aiki. Wannan kundi ake gogawa da sunayen waɗanda suka kammala. Hanya ce mai tsafta, mai wuyar maguɗi, amma tana da makanta. Wanda ya koyi aikin famfo ya buɗe nasa shagon ba ya cikin kundin, domin ba wanda ke biyansa albashi. Wanda ya shiga soja ko aikin gwamnatin tarayya ba ya ciki. Wanda ya ƙetara Oklahoma ko Luwiziyana ya samu aiki mai tsoka, a idon kundin Teksas kamar ya ɓata ne, kuma kwalejojin bakin iyaka su suka fi jin wannan a jikinsu.

Akwai kuma wata matsala da ba ta kundi ba ce, ta ma'aunin ce kanta. Albashi yana auna abin da kasuwa ke biya ne, ba abin da jama'a ke buƙata ba. Matar da ta karanci renon yara ƙanana tana aikin da idan babu shi iyaye da yawa ba za su fita nema ba, amma albashinta a Amurka na cikin mafi ƙanƙanta. Idan takardarta ta kasa cin gwajin, laifin kwaleji ne ko na masu biyanta? Haka kuma albashin Austin, babban birnin jihar, ba ɗaya yake da na ƙauyukan kan iyakar Meziko ba, ko da malamin da ya koyar a ƙauyen ya fi ƙwarewa. Lissafi ba ya ganin wannan sai an nuna masa da gangan.

Daga ɗaya ɓangaren kuma wasu sun ce ma'aunin ya yi sanyi da yawa. Shekara 10 doguwa ce, kuma ɗara ɗan sakandare ba wani abin a zo a gani ba ne, musamman da yake kuɗin kwalejin al'umma ba shi da yawa. Idan kusan kowace takarda za ta haye, to mene ne amfanin shingen? A 2025 majalisa ta koma kan dokar da wani ƙudiri, SB 1786, ta ƙara tsananta sharaɗin daraja, ta kuma amince a riƙa biyan kwaleji idan ɗalibinta ya wuce jami'a mai zaman kanta a cikin jihar, wanda a da ba a ƙirgawa.

Kwalejojin karkara, waɗanda harajin yankinsu ba ya wadatarwa, dokar ta yi musu tanadi daban. Ana lissafa abin da kwaleji ke buƙata don gudanar da koyarwa, a cire abin da za ta iya tarawa daga haraji da kuɗin makaranta, idan akwai giɓi jiha ta cike. An kuma ƙirƙiri shirin FAST, wanda ya sa 'yan sakandare daga gidajen marasa ƙarfi ke ɗaukar kwasa-kwasan kwaleji kyauta.

Ba Teksas ce ta fara ɗaura kuɗi a kan sakamako ba. Tennessee ta fara tun 1979, ta kuma faɗaɗa shi sosai a 2010. A cikin Teksas ɗin ma, kwalejin fasaha ta jiha, TSTC, tun 2013 ake biyanta gwargwadon abin da tsofaffin ɗalibanta ke samu. Darasin da aka koya a wasu jihohin bai da daɗin ji. Nazarin da aka yi a kan jihohin Washinton da Ohayo da Tennessee ya nuna cewa abin da ya fi saurin ƙaruwa bayan irin wannan doka shi ne gajerun satifiket, ba cikakkun digiri ba, domin su ne masu saurin bugawa da saurin kawo kuɗi. Kwaleji za ta iya yanka dogon kwas gida uku ta ba da takarda a kowace gaɓa, alƙaluma su yi kyau, ɗalibi kuwa yana nan inda yake. Sharaɗin daraja an sa shi ne don hana wannan wayo, shi ya sa ƙarfinsa ko rauninsa ke yanke hukuncin ko dokar ta yi aiki.

Abin da ya riga ya bayyana shi ne halin kwalejoji ya sauya. Tunda ɗalibin da ya tsaya a tsakiya asara ce kai tsaye, sai aka koma ɗaukar masu ba ɗalibai shawara, ana bibiyar wanda ya daina zuwa aji, ana kiran waɗanda suka bari da saura kwas ɗaya ko biyu su dawo su ƙarasa. Kwalejin Austin ta yi amfani da wani ɓangare na sabon kuɗin ta fara gwajin karatu kyauta ga waɗanda suka gama sakandare a yankinta a 2024. Kwalejojin gaba ɗaya sun zarce hasashen da aka yi musu, har sai da majalisa ta yi ƙarin kuɗi a 2025 don cika alkawari. Wannan fa takobi ne mai kaifi biyu: tsarin ya cire gasar rabon dunƙule ɗaya, amma ya dogara ga majalisar da za ta ci gaba da biya ko a shekarar da kuɗin man fetur ya ja baya.

Ɗalibi fa, me ya shafe shi? Kai tsaye, dokar ba ta hana shi karanta abin da yake so ba. Amma kwas ɗin da kwaleji za ta zuba wa kuɗi, da wanda mai ba da shawara zai nuna masa, da wanda za a rufe a hankali, duk lissafin nan na da hannu a ciki. Ina ganin ya kamata alƙaluman da ake biyan kwaleji da su su zama su ne ake ajiye wa ɗalibi a gabansa ranar rajista, a ce masa ga abin da masu wannan takarda ke samu, ga shekarun da za ka ɗauka kafin ka fanshe. Gwamnatin tarayya na da shafin College Scorecard tun 2015 mai nuna albashi da bashin ɗalibai, amma mai aikin dare da ke neman canjin sana'a ba lallai ya san da shi ba.

Ita ma gwamnatin tarayyar ta bi wannan layi. Dokar kasafi da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta tanadi cewa kwas ɗin digirin da masu kammala shi suka kasa ɗara 'yan sakandare a albashi, shekara biyu cikin uku, ɗalibansa za su rasa damar karɓar bashin karatu na tarayya. Ke nan kwalejin al'umma a Teksas yanzu ma'auni biyu ke kanta, na gwamnatin jiha mai ƙara mata kuɗi idan ta ci, da na gwamnatin tarayya mai yanke wa kwas ɗinta bashi idan ta faɗi.