Cibiyar Bayanan Shari'a ta Cornell

Cibiyar Bayanan Shari'a, wadda aka fi sani da LII, shafi ne na intanet da ke wallafa dokoki da hukunce-hukuncen kotu kyauta. An kafa ta a 1992 a tsangayar koyar da aikin lauya ta Jami'ar Cornell da ke garin Ithaca, jihar New York ta Amurka. Mutum biyu ne suka assasa ta: Peter Martin, tsohon shugaban tsangayar, da Thomas Bruce, masanin kwamfuta.

A wancan zamani, duk mai son karanta doka a Amurka sai dai ya je ɗakin karatu, ko kuma ya biya kamfanoni irin su Lexis da Westlaw kuɗi masu tsoka. Hujjar Martin da Bruce ita ce, bai kamata a sa wa karanta doka farashi ba. Suka fara ɗora hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka da kundin dokokin tarayya. Sai dai kash, lauyoyi galibi da Windows suke aiki, kuma a lokacin babu manhajar buɗe shafukan intanet a kansa. Bruce ya zauna ya rubuta tasa, mai suna Cello, ta fito a 1993. Ita ce irinta ta farko a Windows, ko da yake ba ta yi tsawon rai ba.

Daga nan abin ya bazu. Ostireliya ta kafa AustLII a 1995, Birtaniya da Ayilan suka samu BAILII a 2000, Kanada ma ta kafa CanLII. A 2002 wakilan waɗannan cibiyoyi suka haɗu a birnin Montreal na Kanada, suka fitar da sanarwar cewa bayanan doka gadon al'umma ne baki ɗaya. A Afirka akwai SAFLII a kudancin nahiyar, da AfricanLII wadda ta taimaka wa ƙasashe da dama kafa nasu shafukan. Najeriya na da NigeriaLII.

Lauya a Katsina ya san ciwon da wannan tsari ya zo magancewa. Tun 1985 da marigayi Gani Fawehinmi ya fara buga rahoton shari'u na mako-mako, NWLR, martabar ofishin lauya ana gane ta ne da jerin kundayen da ke jingine a bango, kuma ba kowane sabon lauya ke iya tara su ba. Yau ɗalibin shari'a a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kan zauna da wayarsa da data ta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya buɗe hukuncin Kotun Ƙoli ya karanta. Haka wanda aka tsare ɗan'uwansa zai iya duba sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999, ya ga cewa wajibi ne a gurfanar da wanda ake tuhuma cikin kwana ɗaya matuƙar akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Amma akwai sauran rina a kaba. Kusan komai a shafukan da Turanci yake, Turancin ma na lauyoyi, mai karya haƙori. Shari'un da suka fi taɓa mutanen Katsina da Daura kuwa, na gado da aure da iyakar gona, a kotunan shari'ar Musulunci ake yin su, da Hausa, bisa littattafan mazhabar Malikiyya irin su Risala da Mukhtasar. Hukuncin waɗannan ƙananan kotuna a rijistar kotu yake zama. Sai wanda aka ɗaukaka ƙara a kansa ya kai manyan kotuna ne kan shiga rahotannin da ake wallafawa.