Tambayoyi da amsoshi kan masu bijire wa doka cikin lumana don hana kuɗin yaƙi a Amurka

Mene ne bijire wa doka cikin lumana, kuma me ya raba shi da zanga-zanga?

Mai zanga-zangar da ta samu izinin hukuma bai taka doka ba, ya yi amfani ne da 'yancinsa na faɗin albarkacin baki. Mai bijire wa doka kuwa da gangan yake karya ta, a bainar jama'a, da sunansa na gaskiya, ba tare da ya ɗaga wa kowa hannu ba, kuma idan 'yan sanda suka zo ba ya gudu. Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, a wasiƙar da ya rubuta daga gidan yarin Birmingham a 1963, ya nuna cewa wanda zai karya dokar zalunci sai ya yi hakan a fili, ya kuma shirya karɓar hukuncin da zai biyo baya. Wannan sharaɗi shi ne ya raba mai ƙin biyan harajin yaƙi da mai zamba cikin haraji, domin na biyun yana ɓoye wa hukuma dukiyarsa, na farkon kuwa shi da kansa yake rubuta mata wasiƙa yana bayyana abin da ya riƙe da dalilinsa.

Me ya sa suka mayar da hankali kan kuɗi, maimakon kan sojoji ko makamai?

Saboda a tsarin mulkin Amurka shugaban ƙasa ne babban kwamandan askarawa, amma baitulmali yana hannun majalisar dokoki. Babu dalar da za ta fita sai majalisa ta amince, kuma tsarin mulkin ya hana a ware wa rundunar sojan ƙasa kuɗin da zai wuce na shekara biyu a lokaci guda. Ke nan duk yaƙin da ya daɗe, dole ne a riƙa komawa gaban 'yan majalisa ana neman ƙari. Daga nan masu fafutukar zaman lafiya suka ga wurare biyu da za su iya tsayawa: inda kuɗin yake shiga, wato haraji, da inda ake sakinsa, wato ofisoshin 'yan majalisa.

Tun yaushe aka fara ƙin biyan harajin yaƙi?

Mabiya ɗarikar Kiristanci ta Quaker, waɗanda aƙidarsu ta haramta ɗaukar makami, sun riƙa ƙin biyan harajin yaƙi tun kafin Amurka ta samu 'yancin kai. Amma wanda aka fi tunawa shi ne marubuci Henry David Thoreau, wanda aka tsare dare ɗaya a garin Concord na jihar Massachusetts a watan Yulin 1846, saboda ya ƙi biyan harajin kai domin nuna adawa da bauta da kuma yaƙin da Amurka take yi da Meziko. Wani ya biya masa kuɗin ba da son ransa ba, aka sake shi washegari, sai dai maƙalar da ya wallafa a 1849 ta kai ga Gandhi da King bayan shekaru masu yawa.

Lokacin yaƙin Biyetnam ne abin ya zama na jama'a. A 1966 gwamnati ta mayar da harajin wayar tarho zuwa kashi 10 cikin 100 domin samun kuɗin yaƙi, sai dubban mutane suka riƙa biyan kuɗin wayarsu suna cire wannan kaso. Dabarar ta yi farin jini ne saboda kuɗin ƙalilan ne, har bin sawunsa ya kan ci wa hukuma fiye da abin da za ta karɓo. A 1968 ɗaruruwan marubuta da editoci suka sa hannu a wata sanarwa ta ƙin biyan ƙarin harajin yaƙi, sannan a 1982 aka kafa kwamitin ƙasa mai haɗa kan masu wannan fafutuka, wanda yake aiki har yanzu.

Me yake samun wanda ya ƙi biya?

Ɗauri ba shi da yawa, kuma wannan yana ba mutane mamaki. Hukumar haraji ta IRS ta fi son kuɗin a kan mutumin, don haka sai ta aika takardun gargaɗi, ta ɗora tara da kuɗin ruwa, daga bisani ta cire abin da take bi daga albashi ko asusun banki. Wanda ya rubuta wani rangwame na ƙin yaƙi a takardar harajinsa yana iya fuskantar tarar dala 5,000 ta shigar da takarda marar tushe. Shi ya sa wasu suka zaɓi rayuwa da samun da bai kai matakin biyan haraji ba, wasu kuma suke lissafa abin da ake bin su daidai, su miƙa shi ga ƙungiyoyin agaji, su sanar da hukuma.

Wani lokaci abin yakan kai ga ƙwace dukiya. Randy Kehler da matarsa Betsy Corner sun yi shekaru suna ba ƙungiyoyin taimako kuɗin harajinsu, har gwamnati ta ƙwace gidansu da ke Colrain a Massachusetts a 1989. Da suka ƙi fita, aka tsare Kehler a 1991 bisa laifin raina umarnin kotu, magoya bayansu kuma suka yi fiye da shekara suna zaman dirshan a bakin gidan. Abin da ya dagula lamarin shi ne, waɗanda suka sayi gidan a gwanjo ma'aurata ne masu ƙaramin ƙarfi da ke neman matsuguni, ba manyan masu kwangilar makamai ba, kuma wannan ya raba kan mutanen garin.

Yaya zaman dirshan a ofisoshin 'yan majalisa yake gudana?

Mutane kaɗan ne suke shiga ofishin wakilinsu, su nemi ya yi alkawarin ƙin amincewa da kuɗin yaƙi, idan ya ƙi kuma su zauna har lokacin tashi ya wuce a kama su da laifin ƙin fita. A 1984 wasu mazauna jihar Vermont sun mamaye ofishin Sanata Robert Stafford da ke Winooski saboda goyon bayansa ga manufofin gwamnatin Reagan a yaƙe-yaƙen Amurka ta Tsakiya. Alƙali ya ba su damar kafa hujja da lalura, wato cewa sun aikata ƙaramin laifi ne domin hana babbar ɓarna, masu taya alƙali yanke hukunci kuma suka wanke su. Irin wannan nasara ba ta cika samuwa ba, domin yawancin alƙalai ba sa barin a kawo maganar yaƙin gaban kotu, sai dai a tambaya ko mutum ya fita da aka ce ya fita.

A watan Fabrairun 2007 wata ƙungiyar Chicago da mai fafutukar zaman lafiya Kathy Kelly take cikin jagororinta ta ƙaddamar da irin wannan kamfe a faɗin ƙasar, lokacin da Shugaba Bush ya nemi ƙarin kuɗin yaƙin Iraƙi da Afganistan, aka kuma kama ɗaruruwan mutane cikin 'yan watanni.

Idan kowa zai zaɓi harajin da zai biya, ina makomar gwamnati?

Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma kotunan Amurka sun tsaya a kanta. A shari'ar wani manomi ɗan ɗarikar Kiristanci ta Amish mai suna Lee a 1982, Kotun Ƙoli ta ce tsarin haraji ba zai yi aiki ba idan aka bar kowace ɗarika ta riƙe kasonta saboda ana kashe kuɗin ta hanyar da ta saɓa wa imaninta, har ta kawo misalin masu ƙin yaƙi. Masu fafutukar suna amsawa da cewa doka ta riga ta yarda wanda imaninsa ya hana shi kisa ya yi wani aikin farar hula a madadin aikin soja, saboda haka ya kamata a yi wa dukiyarsa irin wannan sassauci. Tun 1972 ake gabatar da ƙudurin kafa asusun harajin zaman lafiya a majalisa, bai taɓa zama doka ba. A ganina hujjar kotu tana da nauyi, amma ba ta shafi wanda ya yarda a hukunta shi ba, tunda shi bai nemi a ɗauke masa komai ba.

To, wannan hanya ta taɓa tsayar da kuɗin wani yaƙi?

Kai tsaye, a'a. Abin da masu ƙin biya suke riƙewa bai kai ya girgiza kasafin tsaron da ake lissafawa da ɗaruruwan biliyoyin daloli ba, kuma sau da yawa hukuma tana karɓo shi har da ƙari. A 2007 majalisa ta haɗa kuɗin da jadawalin janye sojoji daga Iraƙi, Bush ya hau kujerar na-ƙi a ranar 1 ga Mayu, kafin watan ya ƙare kuma aka ba shi kuɗin ba tare da jadawalin ba.

Duk da haka an taɓa rufe baitulmali. A 1973 majalisa ta zartar da gyaran dokar da sanatoci Clifford Case da Frank Church suka kawo, wanda ya hana kashe kuɗi kan duk wani farmakin sojan Amurka a Biyetnam da Laos da Kambodiya daga ranar 15 ga Agusta. Yawan sojojin da suka mutu, da tsadar yaƙin, da badaƙalar siyasa ta Watergate da ta raunana Shugaba Nixon duk sun taka rawa a wannan mataki, amma sanatocin sun kaɗa ƙuri'a ne bayan shekaru da talakawa suka yi suna faɗa musu, ta takardar kuɗin waya da ta gaban alƙali, cewa yanke kuɗin yana cikin ikonsu.