Tsara ginin asibiti mai zaman kansa a tsakiyar Yamai

Asibiti mai zaman kansa, wanda mutanen Yamai suka fi kira kilinik ko asibitin kuɗi, gidan magani ne da wani mutum, ko kamfani, ko ƙungiya ke ginawa da dukiyarsu, su gudanar da shi bisa izinin ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar. Tsara shi ya ƙunshi duk aikin da ake yi kafin a haƙa harsashi: neman fili, haɗa takardu, zana gini, lissafin wuta da ruwa, da sanin waɗanda za su yi aiki a ciki da waɗanda za su biya. A Yamai, ɗora bulo kan bulo shi ne mafi sauƙi a cikin waɗannan.

Mafarin buƙata

Yamai ta zama babban birni a 1926, bayan Turawan mulkin mallaka sun ɗauko hedikwata daga Damagaram. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 1 a cikinta, kuma tun daga lokacin sababbin unguwanni ke ta miƙewa. Manyan asibitocin gwamnati sun haɗa da babban asibitin ƙasa na Yamai, da na Lamorde a ƙetaren kogi, da gidan haihuwa na Issaka Gazobi, da babban asibitin da Sin ta gina mai gado 500, wanda aka ƙaddamar a 2016. Waɗannan ba na mutanen birni kaɗai ba ne. Daga Dosso da Tillaberi, har Tawa, ana turo musu marasa lafiyar da suka gagari asibitocin jiha. Cunkoso da dogon layi su suka buɗe wa ƴan kasuwa ƙofa. Akwai kuma masu hali da ke fita Maroko, Tunisiya, Turkiyya ko Indiya neman magani, kuma da yawa cikin masu shirin sabon asibiti su suke hange.

Fili

Nan gizo ke saƙa. Tsakiyar birni, wato kewayen Filato, Terminus da babbar kasuwa, ita ke da kwalta da ma'aikatu da masu albashi, amma filayenta ƙanana ne, masu tsada, kuma galibi gidajen gado ne da magada da dama ke da haƙƙi a kai. Shi ya sa kilinik da yawa suka fara daga gidan zama da aka gyara. Gidan zama kuwa ba don gadon maras lafiya aka yi shi ba: ƙofa ba ta wuce gadon turawa, matakala ta yi tsaye, motar ɗaukar marasa lafiya ba ta da inda za ta juya. Mai ginawa daga tushe yakan haɗa filaye biyu ko uku, ko ya hau sama da bene. Benen kuma yana jawo na'urar hawa, na'urar hawa tana jawo wutar da ba ta yankewa.

Sai maganar ruwa. Kogin Isa, wato Neja, yana cika sau biyu a Yamai: cikar damina a Agusta da Satumba, da cikar da ke gangarowa daga Gini a lokacin sanyi. A Satumban 2020 ruwan ya kai wajen mita 7, ya fasa madatsar Lamorde, ya shiga unguwannin gunduma ta biyar. Saga da Kirkisoy ma sun sha ambaliya ba sau ɗaya ba. A cikin gari kuwa, kwarin Gunti Yena ne ke kwashe ruwan sama zuwa kogi, don haka filin da ke gangarensa na iya zama busasshe wata tara, ya koma tafki a wata uku. Masu zane kan ɗaga daɓen ƙasa, su guji ajiye injin wuta da ɗakin magani a ƙarƙashin ƙasa. Gadoji uku ke haɗa gaɓoɓin kogin: ta Kennedy ta 1970, ta biyu ta 2011, da ta Seyni Kountché ta 2021. Nisan asibiti da ɗaya daga cikinsu shi ke nuna ko mai naƙuda daga Harobanda, a ƙetaren kogi, za ta iso kan lokaci.

Takardu

Takardar farko ita ce ta mallakar fili. Ba ɗaya ba ne takardar shaidar gargajiya, da takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan yanka filaye, da cikakkiyar takardar mallaka da Faransanci ke kira titre foncier, wadda ita ce bankuna suka fi yarda da ita a matsayin jingina. Bayanta akwai izinin gini daga hukumar birni, da binciken illar aikin ga muhalli wanda BNEE, ofishin ƙasa mai tantance illa ga muhalli, ke dubawa, da izinin ma'aikatar lafiya na kafawa da na buɗewa. Dole shugaban ɓangaren magani ya zama likita mai rajista da ƙungiyar likitoci ta ƙasa. Ɗakin hoton ƙashi yana da nasa sharuɗɗan na kariya daga tururin na'ura.

Wuta, ruwa da shara

Shekaru da yawa, mafi yawan wutar da kamfanin lantarki na ƙasa, NIGELEC, ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi. Da aka yanke ta a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, birnin ya koma rabon wuta unguwa-unguwa har zuwa Maris 2024. Tashar Gorou Banda ta man dizal, da ta hasken rana mai megawat 30 da ke gefenta, sun rage raɗaɗi, amma babu mai zana ɗakin tiyata a Yamai ba tare da gurup ba, wato injin wuta, wani lokaci biyu, da batura masu riƙe wuta kafin inji ya tashi. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Lokacin ne wuta ta fi yankewa, lokacin ne kuma jini da allurar rigakafi suka fi buƙatar sanyi. Ruwan famfo daga matatar Goudel yake zuwa, ana kuma ƙara masa rijiyar burtsatse da tanki. Yawancin birnin ba shi da babban bututun ƙazanta, saboda haka asibiti kan haƙa nasa ramukan, ya tanadi wurin ƙona allurai da auduga. A unguwa mai cunkoso, hayaƙin wannan wuri shi ke fara haɗa asibiti da maƙwabta.

Fasalin gini

Zanen da aka kwaso daga Turai yakan manta cewa a nan maras lafiya ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai mai jinya da ke kwana a tabarma, akwai ƴan dubiya da kwanukan abinci da yamma. In ba a yi musu rumfa da bayan gida da wurin alwala da masallaci ba, za su mayar da hanyar wucewa masauki, kuma ba laifinsu ba ne. Ana raba ɓangaren mata da na maza, a ba haihuwa ƙofarta. Ana kuma barin ƙofar baya da ɗakin wankan gawa, tunda jana'iza ba ta jira. Mai karɓar baƙi sai ya iya Zabarmanci da Hausa, ko da takardu da Faransanci ake cika su.

Ma'aikata, kaya da kuɗi

Jami'ar Abdou Moumouni na yaye likitoci, amma ƙwararru kamar masu sa barcin tiyata da masu karanta hoto ba su da yawa, kuma kilinik da dama da likitocin gwamnati suke dogara, waɗanda ke zuwa bayan sun tashi aiki. Siminti ana samun na Malbaza a jihar Tawa. Na'urori kuwa daga waje suke, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da a da ke bin Kwatano, mai nisan kusan kilomita 1,000, sun koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Na'urar da ta lalace na iya yin watanni tana jiran ƙaramin ƙarfe.

Masu inshorar lafiya kaɗan ne, galibinsu ma'aikatan bankuna, kamfanoni da ƙungiyoyin waje. Sauran jama'a daga aljihu suke biya, sau da yawa da karo-karon dangi. Gwamnati ta mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta tun 2006, sannan daga 1 ga Satumba 2024 ta rage rabin kuɗin ganin likita da kwanciya da gwaje-gwaje a can. Da wannan farashin mai sabon asibiti zai gwada nasa tun kafin ya je banki.