Shin Da Gaske An Halatta Auren Jinsi A Najeriya?

Saƙon muryar nan ya sake dawowa a WhatsApp, kuma daga teburin mai shayi a Samaru har majalisun Tudun Wada a Zariya maganar ke nan: wai gwamnati ta sa hannu a takardar Turawa, ta halatta auren jinsi a ɓoye. Jama'a, ba haka ba ne.

Asalin maganar yarjejeniyar Samoa ce, tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashe 79 na Afirka da Karibiyan da yankin Fasifik, wadda Najeriya ta rattaba wa hannu a watan Yunin 2024. Hankula sun tashi a lokacin, har Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta fito ta ce ta duba takardar, babu inda aka wajabta wa ƙasar nan amincewa da auren jinsi. To ko da a ce akwai, sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya riga ya toshe ƙofar: duk yarjejeniyar da aka ƙulla da wata ƙasa ba ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Dokoki ta Tarayya ta zartar da ita. Sa hannun minista ko jakada ba ya soke dokar majalisa.

Dokar kuwa tana nan daram. Ita ce Dokar Haramta Auren Jinsi ta 2013, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, duk da ƙorafin Amurka da Ingila. Auren namiji da mace kaɗai ta yarda da shi, ko a masallaci, ko a coci, ko bisa al'ada. Wanda ya ɗauro irin wancan aure a ƙasar waje ya zo da takardar shaida, a nan ba ta da amfani.

Hukuncin kashi biyu ne. Su biyun da suka ƙulla auren, ɗaurin shekara 14. Wanda ya ɗaura, ko ya tsaya shaida, ko ya taimaka, ko ya kafa ƙungiyar masu wannan ɗabi'a ko ya shige ta, shekara 10. Masu cewa hukuncinta kisa ne sun haɗa ta da wasu dokokin daban, domin luwaɗi da maɗigo a karan kansu suna ƙarƙashin dokokin laifuka na jihohi da na kotunan Shari'a.

Inda na fi so mu tsaya shi ne wata gaɓa a sashe na 5 na dokar, wadda ta tanadi shekara 10 ga wanda ya nuna soyayyar jinsi ɗaya a bainar jama'a, kai tsaye ko a fakaice. Dokar ba ta fayyace abin da ake nufi da nunawa a fakaice ba. Mu nan kuwa abokai maza su riƙe hannun juna suna tafe daga masallaci ba baƙon abu ba ne, haka iyayenmu suka tashi. Ɗalibai huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya a Samaru saboda tsadar haya, kullum ana yi. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da yake laifi. Amma sakin maganar da aka yi ya ba mugaye dama: a tsare yaro, a karɓe wayarsa ana bincike, a ce ya kawo kuɗi ko a tona masa asiri a unguwa. A ganina majalisa ta yi sakaci a nan, kuma talaka marar gata ne yake ɗanɗana kuɗarsa.

Zariya ta taɓa ganin irin wannan. A Afrilun 2017 'yan sanda sun kama mutum 53 a wani otal bisa zargin bikin auren jinsi, aka gurfanar da su gaban majistare kan haɗa baki da taro ba bisa ƙa'ida ba. Sun musanta, aka ba da belinsu. A Legas ma, mutum 47 da aka tuhuma a ƙarƙashin wannan doka, Babbar Kotun Tarayya ta kori ƙararsu a Oktoban 2020 saboda masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidu. Amma kafin nan an riga an baza fuskokinsu a talabijin.

Shi ya sa nake roƙon matasanmu su fahimci sashe na 6 na Dokar Haramta Auren Jinsi. Babbar Kotun jiha ko ta Abuja aka ba hurumin sauraron waɗannan laifuka. Ba a ba 'yan sintiri ba, ba a ba mai unguwa ba, balle taron samari masu gora. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce kowa ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Wanda ya doki mutum a kan zargi, ko ya ƙona masa shago, shi ne zai amsa tuhuma. Wanda ya ɗora hoton wani a Facebook ya kira shi ɗan luwaɗi ba tare da hujja ba, ana iya maka shi a kotu kan ɓata suna, kuma malamanmu sun sha faɗa mana nauyin ƙazafi a addini.