Waiwaye: Idon da ke duba wutar Kano daga nesa

Har gobe idan an kawo wuta a lungunan Kano, ihun yara ɗaya ne: "Nepa!" An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, a Nuwamban 2013 kuma aka damƙa rabon wutar Kano, Jigawa da Katsina ga kamfanin KEDCO, manyan layuka suka zauna hannun gwamnati a ƙarƙashin kamfanin dakon wuta na ƙasa, TCN. Sunaye sun yi ta sauyawa, amma matsala guda tana nan daram: masu riƙe da akalar wutar ba sa ganin duk abin da ke faruwa a layukansu nan take.

Kawuna ya yi aikin dare a wata tashar wuta shekaru da dama. Ina tuna ƙaton littafinsa mai baƙin bango. Duk awa sai ya zagaya ya karanta agogunan da ke jikin allo, ya rubuta da biro, ya ɗaga waya ya karanto wa na gaba da shi. Idan layi ya faɗi, sai an kira wannan an tambayi wancan kafin a san inda gizo ke saƙa.

Abin da ya sa wannan ya fi yi mana ciwo shi ne nisa. Wutarmu daga Kainji, wadda aka buɗe a 1968, da Shiroro da tashoshin gas na kudu take tasowa, ta ratso Mando a Kaduna, ta sauka Kumbotso da ƙarfin kilobolt 330, sannan a rarraba ta zuwa irin su Ɗan Agundi da Dakata. Cibiyar da ke daidaita wutar ƙasa kuwa tana can Osogbo. Dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha, bugun wutar ya tsaya kusa da 50 a daƙiƙa. Da ya kauce sosai, injina su kashe kansu ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta faɗa duhu. Ba kiran wayar da zai riga wannan sauri.

Maganin da injiniyoyi suka daɗe suna nema shi ne SCADA: na'urori a kowace tasha suna aika alƙaluma zuwa ɗakin kula cikin daƙiƙoƙi, ma'aikaci na zaune gaban kwamfuta ya kashe ko ya kunna makunnin da ke wani gari. An taɓa girka shi, sai dai bai game tashoshi ba. A 2018 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 486 don gyaran manyan layuka, har da wannan tsari a ciki. Daga baya, bisa dokar lantarki ta 2023, aka cire aikin daidaita wutar daga TCN aka ba sabuwar hukuma, NISO.

Gaskiya, SCADA ba zai hana ɓarayi da 'yan bindiga kayar da turaku ba. A Oktoban 2024, da layin Shiroro zuwa Mando ya lalace, na Ugwuaji a Enugu zuwa Apir a Binuwai, wanda shi ma ke kawo wuta arewa, ya samu matsala, mun haura mako babu wuta. Masu ƙanƙara da masu walda suka zauna hannu rabbana, masana'antun Sharada, Bompai da Challawa da suka rage suka koma kan dizal. A kwanakin nan na ziyarci kawuna, tambayarsa ta farko ita ce ko har yanzu da biro ake cike littafin.