Inshorar lafiya ta dole

Inshorar lafiya ta dole tsari ne da doka ke wajabta wa mazauna ƙasa, ko wani rukuni na ma'aikata, su riƙa zuba kuɗi duk wata a asusun da zai biya musu kuɗin asibiti. Jamus ce ta fara a 1883, zamanin shugaban gwamnati Otto von Bismarck, da dokar da ta shafi ma'aikatan masana'antu. Sai a 2009 wajibcin ya hau kan kowa a ƙasar. Suwizalan ta tilasta wa kowa a 1996, Holan a 2006.

Hujjar masu goyon baya ita ce: idan doka ta hana kamfanin inshora korar mai ciwo, sannan aka bar wa kowa zaɓi, saurayi mai jini a jika ba zai biya ko sisi ba sai ranar da ya kwanta. Asusun sai ya cika da tsofaffi da masu ciwon suga ko na ƙoda, kuɗin wata ya tashi, sauran masu lafiya su fice, ya ƙara tashi. Tilastawa ce ke riƙe masu lafiya a ciki. Masu adawa kuwa suna ganin an ɗora wa matasa nauyin wasu, kuma ba hurumin gwamnati ba ne ta sa mutum sayen hajar kamfani.

A Amurka aka fi kai ruwa rana. Jihar Massachusetts ta gwada a 2006 ƙarƙashin gwamna Mitt Romney, sannan dokar da Barack Obama ya sa wa hannu a 2010 ta ɗora tara a kan wanda ya ƙi shiga, daga 2014. Kotun Ƙoli ta amince a 2012 da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, bisa cewa tarar haraji ce. Marasa inshora sun ragu daga kusan kashi 16 cikin 100 a 2010 zuwa kusan kashi 9 a 2016. Majalisa ta mayar da tarar sifili daga 2019, kuma kasuwar inshora ba ta rushe kamar yadda aka yi fargaba ba, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa tallafin da gwamnati ke bayarwa don biyan kuɗin inshora ya fi tara jawo mutane.

Ta fuskar tsada, tilastawa tana raba nauyi a kan mutane da yawa, amma ba ta taɓa farashin magani ko na tiyata. Wannan sai hukuma ta ƙayyade ko ta yi ciniki da asibitoci. Suwizalan, inda kusan kowa ke da inshora, tana cikin ƙasashen da suka fi kashe kuɗi a kan lafiya. Kuma riƙe katin inshora daban, ganin likita daban: wanda sai ya fara biyan wani kaso mai tsoka daga aljihunsa kafin inshora ta karɓa yakan ɗage zuwa asibiti har ciwon ya ci ƙarfinsa.